Raddi ga masu cewa an kama Majorana

Tun da Microsoft ya fito da na'urarsa Majorana 1 a Fabrairun 2025, wasu 'yan bokonmu, har da wani malamin kimiyya a Kaura Namoda, suke ta shelar cewa magana ta ƙare: an kama ƙwayar Majorana a cikin siririyar waya, kwamfutar kwantum mai jure kuskure ta iso. Hujjarsu kuwa, wai mujallar Nature ta buga.

To, ai Nature ɗin ce ta buga takardar ƙungiyar Leo Kouwenhoven ta Delft, a ƙasar Holan, a 2018, wadda ta ce ta ga alamar Majorana daidai yadda lissafi ya hango. Sergey Frolov da Vincent Mourik suka bi diddigin ɗanyen awon, suka tarar an ajiye gefe sassan da ba su goyi bayan da'awar ba. A Maris 2021 aka janye takardar. A wannan karon ma, editocin Nature da kansu sun rubuta cikin bayanan tantancewa cewa sakamakon Microsoft ba hujja ba ne na samuwar Majorana a na'urar. Haba malam! Wadda kake rantsuwa da ita ta ce a'a, kai kana cewa i. Sanarwar kamfani ka karanta, ka bar takardar.

Sai batun alamar. Ana lulluɓe wayar da ƙarfen da lantarki ke bi ba tare da tirjiya ba, a sanyaya ta kusan iyakar sanyi, a kunna maganaɗisu, a duba ko wutar za ta yi tsiri a daidai sifilin bolt. Delft ta ga hakan tun 2012. Amma yanayin Andreev, wanda datti a cikin waya ke haifarwa, yana yin tsiri iri ɗaya. Mafarauci a dajin Zurmi ba ya cewa ya kama kura don ya ga sawun da kare ma kan bari. Hujja mai yanke gardama ita ce a musanya wuraren Majorana biyu, a ga na'urar ta riƙe tsarin musanyar. Babu wanda ya nuna wannan tukuna.

Suna kuma cewa Ettore Majorana ya hango ƙwayar a 1937. Shi ƙwayar asali yake nufi. Ta cikin waya halayyar taron elektron ce, wadda Alexei Kitaev ya tsara a 2001.

Kubit (wato ma'aunin bayanai na kwamfutar kwantum) miliyan ɗaya da suke ambato kuwa, alkawarin kamfani ne, yana kan takarda.