Mu Tura Malami Ƙaro Ilimi, Amma Ya Dawo

'Yan'uwa manoma, a ƙungiyoyinmu da yawa magatakarda tsoho ne wanda ya koyi karatu a ajin yamma na ikkilisiya. Yaranmu da suka gama aji shida kuwa, a miƙa musu takardar rancen taki, sai su yi ta in'ina. Wa zai riƙe littafin ƙungiya ran da idon tsohon nan ya gaza?

Ba laifin yaran ba ne. Da aka soma shirin UPE a 1976, an ɗebi malamai da gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su. Amma sau da yawa malami yakan sami NCE, har digiri, ba wanda ya nuna masa yadda yaro ke haɗa baƙi da wasali. Koyar da karatu sana'a ce daban.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta ware 'yan buhuna da kaka, ta tura malamin ƙananan yara jami'a ya ƙware a wannan fanni. Mai digiri ya ƙara na biyu.

Mun san za ku ce birni zai cinye shi. Mun sha gani. To, a rubuta yarjejeniya gaban fasto da dattawa: ya dawo aji ɗaya shekara uku, ba ofishin hedimasta ba. In kwas ɗin dogon hutu ne, da damina zai tafi, sai mu yi masa gayya a gonarsa.