Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gidaje a Badawa da Nassarawa GRA

Alhazai da Hajiyoyi,

A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ɗora dubu ɗaya, Kano ta tsaya a 71,000. Madalla. Sai dai dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan maigadinku, da mai wanki da guga, da yarinyar da ke yi muku wanke-wanke da shara, babu ruwan doka da su. Albashinsu yana hannunku.

Za ku ce ai aikin ƙarfi ne, ba su da takarda. To, wace takarda ce take hana mutum barci a bakin ƙofa cikin sanyin hunturu domin ku yi naku cikin bargo? Wanda kuka damƙa wa makullin gida da renon 'ya'yanku, amana kuke saya a wurinsa, kuma amana ba ta araha.

Bayan da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu da kwanon masara duk sun tashi. Ragowar tuwo da tsohuwar shadda ranar Sallah kyauta ce, Allah ya saka da alheri, amma ba a biyan haya da su, ba a sayen magani.

Roƙona ku duba albashin nan a wannan watan, ku ƙara, ku biya kan lokaci, ku kuma ba su hutun yini ɗaya a mako.

Wassalam,
Maƙwabcinku a Badawa