Madarumfa: yaran riƙo na buƙatar takarda fiye da kayan salla

Tun 2019, hare-haren ƴan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato suka tura dubban mutane zuwa jahar Maradi. A gundumar Madarumfa, mai iyaka da Jibiya ta Ɗan Issa, yara da dama da suka rabu da iyayensu suna hannun dangi da maƙwabta, bisa tsohuwar al'adar riƙo.

Ƙungiyoyin matasa masu aikin sa-kai kan kai musu hatsi, sabulu da tufafi, galibi lokacin azumi da salla. Taimakon yana rage wa gidajen nauyi, musamman a watannin da rumbu ke ƙarewa kafin kaka.

Sai dai babban giɓin shi ne takardar haihuwa. Yaron da ba a yi wa rajista cikin wa'adi ba sai ya samu hukuncin kotu, kuma ba takarda ba jarrabawar BEPC. Mai riƙo kuwa bai cika zuwa kotu saboda ɗan wani ba.

Nan ne ƴan sa-kai za su fi amfani: su ƙidaya yaran gida-gida, su haɗa su da kwamitocin kare yara da magadan gari, su raka su gaban alƙali.