Matatar Wuta da Lafiyar Injinan Masana'antu

Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma an so ta tafi sumul. Sai dai kwamfuta, caja, inbata da na'urorin sarrafa gudun inji, fizgar wuta suke yi guntu-guntu. Fizgar nan ke haifar da ƙarin kaɗawa, sau 150, 250 ko 350 a daƙiƙa, wadda injiniyoyi ke kira hamonik. Ita ke sa taransifoma ɗaukar zafi da injin lalacewa tun kwanansa bai kai ba.

Tsohon magani shi ne matata ta kafasito da naɗin waya, wadda aka saita wa kaɗawa guda. Da kayan aiki sun sauya, sai ta gaza. Sabuwar matata kuwa, mai gyara da kanta, tana auna wutar da injina ke ja a kowane lokaci, ta ware gurɓatar da hamonik ke kawowa, sannan ta harba kishiyarta cikin layi don su kashe juna. Lissafin da matatu da yawa irin wannan ke bi ya samo tushe daga aikin Hirofumi Akagi da abokansa a Japan a 1983.

Sabuwar matatar tana da tsada, kuma ba ta dawo da wutar da aka ɗauke. Duk da haka, masana'antun unguwannin Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke ta canza taransifoma ya kamata su fara auna hamonik kafin su ɗora wa kamfanin raba wuta laifin duka, domin sau da yawa daga cikin gida gurɓatar ke fitowa.