Waiwaye: Shekarar da Marowacin Faransa Ya Sauka a Matamaye

Duk wanda ya yi kwaleji a Nijar ya san yadda watannin ƙarshe na ajin tirwaziyam suke. Bazara ta kankama, ɗaki ba ya shiguwa don zafi, ga jarrabawar BEPC tana ƙaratowa. A Matamaye, a tsakiyar shekarun 1980, zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, gindin itatuwa muke komawa da kaye-kayenmu muna bita, da dare kuma mu kewaye fitilar ƙwai har kananzir ya ƙare. Lissafi yana da hanyarsa: ka yi ta gwadawa har hannu ya faɗa. Adabi kuwa hadda muke yi masa. Shafi guda na sunayen adon harshe da Faransanci, kowane suna da ma'anarsa da misali ɗaya. Shafi guda na rabe-raben adabi: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Sai taƙaitaccen labarin littattafan da aka karanta, da jigon kowanne cikin jimla ɗaya. Mu haddace, mu yi wa juna tambaya, mu kwanta da murnar mun gama.

Amfanin wannan hadda bai wuce bakin takardar ba. A ba mu sabon rubutu a ce mu nuno inda marubuci ya siffanta abu da wani abu, sai a yi tsit. Yaron da zai kawo maka ma'anar kamance ba tare da ya ci gyara ba, shi ne zai wuce kamance uku a sakin layi ɗaya bai gan su ba. Ga kuma tsarin wancan lokaci: a makarantu da yawa, wanda aka kama yana Hausa a farfajiya sai a rataya masa alamar kunya, ya yi ta fakon wanda zai miƙa wa. Yaro mai shekara goma sha biyar da ya tashi a haka, me zai sa ya zaci akwai dangantaka tsakanin abin da kakarsa ke faɗa da dare da abin da ke rubuce a allo?

Alhali garin cike yake da adabi. Ƙasar Damagaram ce fa. A nan ne ƙungiyar Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, ta yi suna da wasannin Hausa da rediyo da talabijin na ƙasa ke watsawa, mutane su taru gaban akwati ɗaya na unguwa suna dariya suna kuma ganin halinsu. 'Yan wasan ba su haddace rubutaccen littafi ba. A tsara labari, a raba wa kowa matsayinsa, magana ta fito daga bakinsa wajen gwaji. Har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta rubuta littafi a kan wannan salo a 1987. Samariyar kowane gari tana shirya wasanta don gasar matasa ta ƙasa. A Damagaram akwai wasan kara, inda talakawa ke shiga kamannin masu mulki. Da azumi ga tashe gida-gida. Ga waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na fada, ga kaset-kaset na Shata da Ɗan Maraya suna shigo mana ta Ɗan Barto daga Daura. Duk muna ji, muna maimaitawa, wasunmu ma su ne taurarin tashen unguwa. Amma da mun tsallaka ƙofar aji sai mu ajiye su waje.

A shekarar da muke ajin tirwaziyam aka turo mana sabon mushen Faransanci, saurayi, bai daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Da lokacin bita ya zo, maimakon ya cika allo, sai ya ce kowa ya ɗauki kaye ya shiga kasuwa, ya zauna a gida, ya je bakin rijiya, ya rubuto duk maganar da ya ji wadda ba kai tsaye aka faɗe ta ba. Wani daga cikinmu ya ɗaga hannu.

"Mushe, da Hausa za mu rubuto?"

"Da wane harshe ake ciniki a kasuwar Matamaye?" in ji shi.

Abin da muka kawo ya ba mu mamaki mu kanmu. Mai rake daga koramu yana cewa nasa ya fi zuma. Dillalin dabbobi yana rantsuwa ragonsa sai an rushe ƙofa zai shiga gida. Wata uwa tana ce wa ɗanta cikinsa rijiya ne. Manomi yana cewa gona ta yi fushi bana. Wata yarinya ta kawo abin da ta ji kishiyar innarta ta faɗa wa kaza tana korarta, alhali kowa a gidan ya san ba da kazar take ba. Mushe ya rubuta su duka a allo yadda suke, sannan ya ce mu kasa su: waɗanne ne aka jera abu biyu aka auna, waɗanne ne aka ce wannan shi ne wancan kai tsaye, waɗanne ne aka ba abu marar rai halin mutum, waɗanne ne aka kambama har suka wuce hankali. Gardama ta kaure a kan maganar kazar, domin ba ta shiga ko ɗaya ba, sai da muka buɗe mata kaso nata. Sai da muka gama rabon da kanmu sannan ya rubuta sunan kowane kaso da Faransanci a samansa. Sunayen nan su ne dai waɗanda muka yi wata da watanni muna haddacewa. Ranar ce suka zauna, kuma har yau ba su tashi ba.

Sai aka zo kan wasan kwaikwayo. Littafin da ke hannunmu shi ne L'Avare na Molière, wasan da aka fara nunawa a Faris a 1668. Mun karanta shi a zaune, layi bayan layi, muna neman ma'anar kalmomi, babu wanda ya yi ko murmushi. Mushe ya ce wasan da bai sa kowa dariya ba, ko dai marubucin ya kasa, ko kuwa ba a yi wasan ba tukuna. Ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowace fitowa guda, ya ce mu fahimce ta sosai, mu rufe littafin, mu yi ta da Hausa kamar yadda 'yan samariya ke yi.

Nan Harpagon, marowacin da ke cikin wasan, ya zama ɗan gari. Attajirin da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu, yake zargin kowa har 'ya'yan cikinsa, yake caje bara kafin ya bar shi ya fita, dawakinsa sun rame don ya hana su abinci. Wanda ya fito a matsayinsa ya aro tsohuwar riga mai faci, ya ɗaura lalita a ƙugu yana shafa ta kowane lokaci. Da aka zo inda aka sace akwatin, ya faɗi ƙasa yana kururuwa, yana kama hannun kansa yana zaton na ɓarawo ne, sai ga 'yan sauran azuzuwa sun cika tagogi. Abin da na fi tunawa shi ne yadda muka gane bambancin karatu da wasa da jikinmu. A zube marubuci zai gaya maka mutumin nan marowaci ne. A dandali babu mai gaya maka. Sai ka gani a tafiyarsa, a yadda yake kallon ƙofa, a abin da ya faɗa wa 'yan kallo a gefe wanda abokin maganarsa bai ji ba. Duk abin da shafin haddarmu ya ce game da fitowa da shiga, da zancen zuci, da umarnin da marubuci ke sakawa don 'yan wasa, mun taka shi da ƙafa.

Jigo ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya cancanta. A kayenmu an rubuta jigon wasan: rowa. Shi ke nan. Bayan mun yi wasan sai 'yan matan ajin suka ƙi yarda. Suka ce su abin da suka gani shi ne uba yana shirin aurar da 'yarsa ga dattijo don kawai dattijon ya yarda ya ɗauke ta ba tare da uban ya kashe ko sisi ba, kuma shi uban yana neman auren yarinyar da ɗansa ke so. Wannan, in ji su, auren dole ne, kuma sun san gidajen da aka yi shi. Samari suka ce ai rowar ce ta haifi auren dolen. Aka shiga bambanta al'adar Faransawan wancan ƙarni, inda uban amarya ke haɗa ta da dukiya, da namu sadakin da kayan ɗaki da gara. Mushe bai raba gardamar ba. Abu ɗaya ya nace a kai: duk wanda ya faɗi ra'ayi ya buɗe littafi ya nuna wurin da ya samo shi. Da haka muka koyi cewa akwai babban jigo da ƙananan da ke rataye da shi, kuma jigo ba a karɓarsa daga bakin malami, ana tono shi ne da hujja. Ba adabi kaɗai wannan ya gyara mini ba. Har yau idan na ji jawabi ko na karanta labari, sai na tambayi kaina ina hujjar take.

Rabe-raben adabi kuwa cikin mako guda ya gama da su. Ya ɗauki tatsuniyar Gizo guda da kowa ya sani, ya ce wata ƙungiya ta ba da ita yadda kaka ke bayarwa, wata ta mayar da ita waƙa mai amshi, wata ta yi wasanta. Labari ɗaya, riga uku.

Sai da na girma na tarar ashe an daɗe da share wannan hanya. Tun gasar rubutu ta 1933 a Zariya aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, wasannin da ɗaliban Najeriya suka yi ta nazari. Malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo a Kano da Abdullahi Bayero Yahya a Sakkwato sun tsara yadda ake feɗe waƙa, da salonta da jigonta, cikin Hausa tsantsa. Ko a ɓangaren Faransanci muna da namu. André Salifou, haifaffen Damagaram, ya wallafa wasan Tanimoune a 1973 a kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Tsakanin Matamaye da fadar Tanimun bai kai kilomita ɗari ba, amma na san Harpagon shekaru kafin in san akwai wasan da aka rubuta a kan sarkin ƙasarmu. Wannan yana ci mini rai har yanzu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cewa a jefar da Molière, ni da na amfana da shi haka. Ba na kuma cewa a daina koyar da sunayen adon harshe. Mai gyaran jarrabawa su yake nema, kuma mai nazari ba ya aiki sai da su. Na san halin da malamai ke ciki: aji ya cika maƙil, littafi ɗaya yara da yawa, manhaja doguwa, lokaci gajere. Amma abin da mushenmu ya yi bai ci ko dala ba. Alli ne da kunnen yara da tsohuwar riga. Kuma bai ci lokaci fiye da haddar da muke yi muna mancewa ba.

Ta fuskar doka ma babu sauran shamaki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. A watan Maris na 2025 kuma kundin da ke jagorantar ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yaran yau sun ma fi mu kayan aiki. Finafinan Kano suna cikin wayoyin gidajensu, sun san wane ne jarumi, wane ne mugu, sun san inda labari ya ɗau zafi da inda aka warware shi. Malamin da ya tambaye su jigon fim ɗin da suka kalla jiya zai sha mamakin amsa.

Kuma ƙasar nan ba ta rasa labarin da ya isa a yi masa wasa ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, da yawansu daga yankin Kance suka fito. Akwai ɗalibai a azuzuwanmu da suka san gidajen da aka yi wannan makoki, akwai waɗanda har yanzu iyayensu ke irin wannan tafiya. Yaron da aka ba dama ya tsara wasa a kan uwar da ke shawarar tafiya ko zama, ya zaɓi abin da za ta faɗa da abin da za ta haɗiye, ba zai sake buƙatar haddace ma'anar jigo ba, kuma garin zai ji abin da ya kamata ya ji daga bakin 'ya'yansa.

Don haka ina roƙon malaman Faransanci da na Hausa a kwalejojin Matamaye da Kance da Magarya: kafin bitar bana, ku tura yara kasuwa da kaye sau ɗaya, ku kuma bar su su tashi tsaye su yi fitowa ɗaya daga littafin da ke hannunsu. Sufetocin ilimi su ba da wannan dama, kada a ɗauke ta ɓata lokaci. Gidajen rediyon yankin su buɗe wa ɗalibai fili ko na rabin awa ne a mako. Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo yana tambayar tatsuniya ko ma'anar wani habaici, ku zaunar da shi ku gaya masa, aikin makaranta yake yi.