Ƙasar Hauren Giwa

Sunan ƙasar Kwaddibuwa da Faransanci yana nufin gaɓar hauren giwa. Kan giwa ne a tambarin ƙasar. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ma Giwaye ake ce mata, ita ce ta ci kofin Afirka a 1992 da 2015 da 2024. Amma ɗan makarantar Ajame ko Tireshibil a hoto ya san giwa. A daji kuwa kaɗan suka rage.

Ina suka tafi? An sare kurmi an yi gonakin koko da kofi, giwa ta rasa mafaka. Mafarauta kuma suka bi sauran don haurensu. Gwamnati ta hana farauta a 1974. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu. Dokoki ne masu kyau, sai dai doka ba ta isa ita kaɗai.

Mafarauci ba ya shan wahalar daji a banza. Ya san akwai mai saye. Kaya daga ƙauyuka a tashar motar Ajame suke sauka. Tashar jiragen ruwa kuma ga ta kusa da Tireshibil, daga nan kaya ke ƙetare teku. Wanda ya sayi awarwaron haure yana da hannu a mutuwar giwa, ko bai taɓa riƙe bindiga ba. Haka mai sayen kan ungulu don magani. Ɗankunya ma, wannan dabba mai naɗe jiki in ta ji tsoro, ana kashe ta a kai ɓawonta Asiya. Ba ta ko da haƙorin cizo!

Yaro ba ya da kuɗi, amma yana da baki. Yana iya gaya wa iyayensa abin da ya koya, cikin ladabi. Yana iya ajiye danko ya bar tsuntsaye su huta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Maris don namun daji. Ya kamata malamai su kai yara kurmin Banko a wannan rana. Ba nisa daga Ajame, kuma tun 1953 aka mai da shi gandun ƙasa. Babu giwa a ciki, amma akwai birai da tsuntsaye da manyan itatuwa waɗanda suka girmi kakannin yaran.