Ƙafa Tana Ɗoruwa, Kai Fa?

Ran 1 ga watan Janairu na 2009 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa duk mai hawa babur a Nijeriya sa hular kwano, da shi mai tuƙin da wanda ya goyo. Ba a yi mako guda ba sai ga waɗansu 'yan acaba a titunan Kano sun kifa ƙwarya a ka, sun ɗaure ta da igiya a haɓa. Waɗansu gwangwanin fenti suka samo, waɗansu kuma hular leburorin gini. Jama'a suka yi ta dariya, labari ya kai har gidajen rediyon ƙasashen waje. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin 'yan haɗari a asibiti ya san abin ba na dariya ba ne.

Uzurin da aka kawo a lokacin yana da yawa, kuma ba duka ne na banza ba. Da jin doka ta zo, kuɗin hular ya yi tashin gwauron zabo. Fasinja ya ce shi ba zai sa hular da mutum ɗari suka yi gumi a cikinta ba, kada ya kwashi ƙwarƙwata ko ƙazuwa. Ga kuma jita-jitar da ta bazu, wai akwai masu sa asiri a ciki, mutum na sawa sai hankalinsa ya gushe a yi gaba da shi. Mai rawani da mai ɗankwali kuwa nasu uzurin daban. Sannu a hankali doka ta yi sanyi a garuruwa da dama, aka koma gidan jiya.

To, amma ita kwalta ba ta jin uzuri. Idan babur ya tsaya cak a kan gudu, shi mahayin bai tsaya ba, gaba zai yi, kuma sau da yawa kai ne ke fara isa ƙasa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, a cikin ruwa take zaune, in ƙoƙon kai ya daki abu mai tauri sai ita ma ta daki ƙoƙon daga ciki. Aikin hular kwano ta gaskiya ba a ɓawonta na waje kaɗai yake ba, yana ga wannan soso mai kauri na ciki, wanda ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun. Shi ya sa hular da ta taɓa shan mummunan bugu ta gama aiki, ko da ba a ga tsaga ba. Wadda ba a ɗaure maɗaurinta ba kuwa, tun mutum yana iska za ta kama gabanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula ta kirki, in an sa ta daidai, tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100.

Ƙafa in ta karye akwai mai ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, akwai na Igbobi a Ikko. Kai ba ya ɗoruwa. Abin da ya fi ban tsoro ma, akan sami wanda zai faɗi ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce da jama'a lafiya lau, alhali jini yana taruwa a cikin kansa. Bayan 'yan awoyi sai ciwon kai, sai amai, sai wani irin barci mai nauyi. Duk wanda ya bugu a ka ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za a yi da shi nan take, ba a jira gari ya waye. Wanda ya suma a titi kuma ba a ɗura masa ruwa a baki, ba a ɗaga shi wuya na reto.

Gwamnatoci dai sun fi saurin hana sana'ar ɗungurungum. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, aka hana a birnin Kano a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Ikko ma ta hana okada a waɗansu ƙananan hukumominta a 2020, ta maimaita a 2022. Babur bai ɓace ba. Shi ne dokin malamin makaranta da manomi da ɗan kasuwar ƙauye, shi ke kai mai naƙuda asibiti inda mota ba ta shiga. Can kuwa babu ma'aikacin hanya, sai ka ga magidanci da uwargida da 'ya'ya uku a kan babur ɗaya, ƙaramin a kan tanki, babu ko mai hula guda. Ga bakin mayafin uwargida yana lilo dab da sarƙa da ƙafar baya, wanda in ya naɗe, ita da goyonta ne a ƙasa tun maigida bai taka birki ba.